Sharhi: Gwajin jinin mai juna biyu da jariran da girmansu ke tsayawa a ciki

A galibin cibiyoyin lafiya na matakin farko a Najeriya, abin da ungozoma ke dogara da shi wajen sanin ko ɗan da ke cikin mace yana girma bai wuce tef ɗin awo ba, irin wanda tela ke ratayawa a wuya. Takan shimfiɗa shi daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, ta karanta santimita. Daga mako na 24 zuwa sama, ana sa ran adadin santimitar ya zo daidai da adadin makonnin cikin, ko ya ɗara ko ya gaza da biyu.

Hanya ce mai araha, amma kuskurenta na da yawa. Ƙiba, tagwaye, yawan ruwa, ƙari a mahaifa ko kwanciyar ɗa a gicciye duk suna iya ruɗar da awon. Ga shi kuma lissafin gaba ɗaya ya rataya ne a kan sanin makonnin ciki, alhali mata da yawa sai ciki ya kai wata biyar ko shida suke fara zuwa asibiti. Wasu ma sun ɗauki cikin ne suna shayarwa, ba su ga al'ada ba balle su riƙe kwanan wata.

Wannan giɓi ne ya sa hankalin likitocin mata ya koma kan wasu sinadarai da ke yawo a jinin uwa, waɗanda ke ba da labarin halin da ɗan tayi yake ciki. Birtaniya ta shigar da gwajinsu cikin tsarin asibitocin gwamnatinta, Amurka ta amince da irinsa a watan Mayun 2023. Tambayar da ta dace a yi a nan gida ita ce: me wannan gwaji zai tsinana wa ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 75,000 sun mutu a cikinta sanadiyyar ciki da haihuwa a shekarar 2023 kaɗai, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a faɗin duniya?

Kafin a amsa, wajibi ne a bambanta jarirai iri biyu da ido ba ya iya bambantawa. Akwai ɗan da ƙarami ne bisa halitta, iyayensa ba su da jiki, kuma lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma wanda ya kamata ya fi haka girma, amma abinci da iskar da ke isa gare shi sun yi ƙaranci. Na biyun shi ne ke cikin haɗari: yana iya mutuwa a ciki, yana iya galabaita lokacin naƙuda, yana iya zuwa duniya da ƙarancin suga da kasa riƙe ɗumin jiki. Tun ƙarshen shekarun 1980 binciken David Barker na Jami'ar Southampton ya danganta ƙarancin nauyi lokacin haihuwa da ciwon zuciya bayan an manyanta. Jerin maƙalun da mujallar Lancet ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa jarirai miliyan 23.4 aka haifa a 2020 da ƙanƙantar da ba ta dace da makonninsu ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 kuwa ya sanya Najeriya a matsayi na uku, bayan Indiya da Pakistan, a yawan jariran da ake haifa babu rai.

A mafi yawan lokuta laifin na mabiyiya ne. (Wasu Hausawa kan kira ta mahaifa, kalmar da kuma ake kiran ɗakin da ɗa ke kwance da ita, abin da kan kawo ruɗani idan ma'aikacin lafiya yana yi wa mace bayani. A nan, mabiyiya muke nufi, wadda ke biyo bayan jariri.) A farkon ciki, ƙwayoyin mabiyiya kan kutsa cikin bangon mahaifa su faɗaɗa ƙananan jijiyoyin jinin uwa, su mayar da su manyan magudanai masu sakin jini a hankali. Idan wannan aiki bai kammala ba, jijiyoyin sukan zauna a tsuke, mabiyiya ta wahala, ɗa ya rame. Wahalalliyar mabiyiya kuma takan zuba wasu sinadarai cikin jinin uwa da ke lalata mata jijiyoyi, jininta ya hau, ƙodarta ta fara sakin furotin cikin fitsari. Idan abin ya ci gaba, shi ne ke kai wa ga jijjiga. Ke nan hawan jinin masu ciki da tsayawar girman ɗa sau da yawa tushensu ɗaya, shi ya sa gwaji guda yake haska su duka biyun.

Sinadarai biyu ne suka fi shahara. Na farko, PlGF, furotin ne da ke taimaka wa jijiyoyin mabiyiya su tsiro su yaɗu. Masaniyar nan 'yar Italiya, Maria Graziella Persico, da abokan aikinta ne suka gano shi a birnin Naples a 1991. A ciki mai lafiya yakan yi ta ƙaruwa har wajen mako na 30, sannan ya fara sauka. Na biyu, sFlt-1, aikinsa shi ne cafke na farkon ya hana shi aiki. A 2003, tawagar Ananth Karumanchi a Boston ta nuna cewa mabiyiyar mata masu wannan hawan jini tana fitar da sFlt-1 fiye da kima. Shekara guda bayan haka, wani bincike a mujallar New England Journal of Medicine ya nuna cewa sinadarin yana fara hauhawa kimanin makonni biyar kafin alamun cutar su bayyana. Abin da ɗakin gwaje-gwaje ke aunawa a yau shi ne ko dai raguwar PlGF, ko kuma ninki nawa sFlt-1 ya yi masa.

Inda gwajin ya fi ƙarfi shi ne wajen kwantar da hankali. Binciken PROGNOSIS, wanda aka yi a ƙasashe 14 aka kuma wallafa a watan Janairun 2016, ya bi matan da ake zargin suna gab da kamuwa da cutar. Idan ninkin bai wuce 38 ba, kashi 99.3 cikin 100 na matan ba su kamu ba a cikin mako guda. Idan ya wuce 38 kuwa, kashi 36.7 ne kacal suka kamu a cikin makonni huɗu. Ma'ana, idan gwajin ya ce wa likita "sallame ta, ta dawo mako mai zuwa", yana iya amincewa. Idan ya ce "akwai matsala", to sai an ƙara dubawa. Ga asibitin da gadajensa ba su isa ba, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin PARROT, wanda ya ƙunshi mata fiye da dubu a asibitocin haihuwa 11 na Birtaniya. Inda likitoci suka ga sakamakon PlGF, lokacin gano cutar ya ragu daga kwana 4.1 zuwa kwana 1.9, kuma munanan matsalolin da ke samun iyaye mata sun ɗan ragu, daga kashi 5 zuwa kashi 4 cikin 100. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta faɗaɗa shawararta a 2022 ta yadda za a yi amfani da gwajin daga mako na 20 zuwa dab da cikar mako na 37.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da masu tallar na'urori ba su cika ambata ba. A cikin PARROT ɗin, halin jarirai bai sauya ba. Wani gwaji makamancinsa a asibitoci bakwai na tsibirin Ailan, da aka wallafa a 2021, bai ga ci gaba ba ko ga uwa ko ga ɗa. PARROT na biyu, na 2024, ya tambaya ko maimaita gwajin lokaci bayan lokaci zai taimaki jarirai, amsar ita ce a'a. Game da batun girman ɗa kai tsaye, nazarin Cochrane na 2019, ƙarƙashin jagorancin Alexander Heazell na Manchester, ya tattara bincike 91 ya yanke cewa gwaje-gwajen jini su kaɗai ba su kai ingancin da za a dogara da su wajen gano jaririn da zai zo ƙarami ko babu rai ba, kuma hoton ciki ya fi su iya gano ƙanƙanta.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A shekarun 1960 da 1970 an yi yayin auna wasu sinadaran mabiyiya a jini da fitsari, daga baya aka yi watsi da su da na'urar hoton ciki ta yawaita.

To ina amfaninsa ga girman ɗa? Binciken da Gordon Smith ya jagoranta a Cambridge, a kan mata kusan 4,000 masu cikin fari, ya ba da haske. Da farko ya nuna cewa idan ana ɗaukar hoto ne kawai ga waɗanda likita ya yi zargi, kashi 20 cikin 100 na ƙananan jarirai ake ganowa. Idan kowa aka ɗauka, adadin ya kai kashi 57. Amma hoton yana haɗa ƙarami mai lafiya da ramamme a kwando ɗaya, abin da kan sa a ciro jarirai da yawa kafin lokaci ba gaira ba dalili. Da aka haɗa hoton da gwajin jini a mako na 36, sai ya zama ana iya ware waɗanda ƙanƙantarsu ta mabiyiya ce. Hoto yana faɗin girman ɗa, jini yana faɗin lafiyar abin da ke ciyar da shi, kuma likita yana bukatar duka biyun kafin ya yanke shawara mai nauyi.

Shawarar kuwa mai nauyi ce, domin har yau babu maganin da ke gyara mabiyiyar da ta gaza. An gwada sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, da fatan zai buɗe jijiyoyin. A 2018 aka dakatar da gwajin a Holan bayan mutuwar jarirai 11 da suka samu matsalar huhu. Abin da ya rage shi ne sa ido da zaɓen ranar haihuwa: a bar ɗa a ciki ya ƙara ƙwari duk da haɗarin ya mutu a can, ko a ciro shi bakwaini ya fuskanci haɗarin waje.

A nan ne lissafin Najeriya ya sha bamban da na London ko Boston. A can, jaririn mako 30 yana da kwalba, iskar oksijin da ma'aikaciyar jinya a kansa dare da rana. A nan, ko a manyan asibitoci, iyaye kan yi yawo daga wannan asibiti zuwa wancan suna neman gurbi, wuta kuma ta ɗauke a tsakiyar dare. Gwajin da zai tsorata likita ya ciro ɗa a mako na 31 a wurin da babu kayan rainonsa yana iya sauya wa jaririn wurin mutuwa kawai. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma duk mai tsara manufa ya kamata ya riƙe ta.

Duk da haka, hujjojin da suka fito daga ƙasashe irin namu sun nuna cewa sanin lokaci yana da riba idan ciki ya ɗan tsufa. Gwajin CRADLE-4 da aka yi a Indiya da Zambiya, aka wallafa a 2023, ya nuna cewa haihuwar da aka tsara tsakanin mako na 34 da na 37 ga mata masu wannan cuta ta rage haihuwar jarirai babu rai da kashi uku cikin huɗu. Haka nan gwajin ACTION na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda asibitocin Najeriya suka shiga tare da na Bangladesh, Indiya, Kenya da Pakistan, ya nuna a 2020 cewa allurar dexamethasone ga matar da za ta haifi bakwaini ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa kashi 19.6 cikin 100. Allurar ba ta da tsada, amma amfaninta ya dogara ne ga sanin wacce za ta haihu nan kusa. Gwajin jini na iya taimakawa daidai a wannan gaɓa.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓuya: alƙaluman da ake yanke hukunci da su ba da jinin matanmu aka auna su ba. Nazarin Gidauniyar Fetal Medicine ta London ya nuna cewa mata baƙar fata suna da PlGF mai yawa fiye da Turawa, ta yadda iyaka ɗaya tak ga kowa tana iya sa a ce wa baƙar mace lafiyarta lau alhali cutar na tafe. Sannan ga cututtukanmu na gida. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ƙwayar cutar tana da ɗabi'ar taruwa a cikin mabiyiya, musamman a cikin fari, ta hana ɗa girma ko da uwar ba ta jin zazzaɓi. Bincike a Muheza ta Tanzaniya ya gano tun 2006 cewa wannan zazzaɓi yana ɗaga sFlt-1 a jinin masu cikin fari. Ga kuma sikila, wadda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a ƙasar nan. Masu ita suna da PlGF mai yawa a jini ko ba su da ciki, kuma su ne ke cikin rukunin da tsayawar girman ɗa ta fi addaba. Lambar 38 da ta yi aiki a Turai ba lallai ta faɗi gaskiya a Gusau ko Yenagoa ba, sai an gwada an gani.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun fara wannan aiki. An gwada PlGF a asibitocin Maputo ta Mozambik, kuma masu bincike na King's College London tare da takwarorinsu na Saliyo sun gwada ƙananan na'urori masu ba da sakamako a gefen gado a Freetown. Irin waɗannan na'urori su ne abin dubawa, domin manyan injinan da aka yi PROGNOSIS da su suna bukatar wuta mai ɗorewa, firji don adana sinadarai da kuɗin waje don sayo su. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar daban: ta ƙera Umbiflow, ƙaramar na'ura da ungozoma ke iya sauraron gudun jini a cibiyar ɗa da ita, kuma gwajinta a Mamelodi da wasu wurare ya zo da raguwar haihuwar jarirai babu rai. Ba dole ne amsar ta kasance a cikin kwalbar jini kaɗai ba.

Akwai kuma tambayar wa gwajin zai isa gare ta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 57 cikin 100 na mata ne suka je awo sau huɗu ko fiye, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar ne suka fara a watanni ukun farko, kashi 39 kuma suka haihu a asibiti. A Arewa maso Yamma adadin masu haihuwa a asibiti bai kai kashi 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar zuwa awo sau takwas da ɗaukar hoto sau ɗaya kafin mako na 24. Wannan hoton na farko shi ne ginshiƙi, domin sakamakon PlGF ba ya fassaruwa sai an san makon ciki. A yankunan da idan ciki ya daina girma akan ce ya kwanta, a jira shi ya tashi, aikin farko shi ne shawo kan iyali su kawo matar a duba ta.

Zuwa awo da wuri yana buɗe ƙofar rigakafi, wanda ya fi ganowa. Gwajin ASPRE na 2017 ya tace mata kusan 27,000 a mako na 11 zuwa 13 ta hanyar tarihinsu, awon jini, hoto da sinadaran PlGF da PAPP-A, ya ba waɗanda ke cikin haɗari asfirin miligiram 150 kullum. Cutar da ke tilasta haihuwa kafin mako na 37 ta ragu da kashi 62 cikin 100. Asfirin yana kowane kemis, amma bai kamata mace ta sha da kanta ba sai likita ya rubuta, kuma amfaninsa yana raguwa idan an makara farawa. Haka maganin rigakafin zazzaɓin sauro na SP da ake ba masu ciki daga watanni uku na biyu, aƙalla sau uku, da gidan sauro, da ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam. Duka suna kare girman ɗa, kuma duka sukan yanke a cibiyoyinmu.

Jihar Kano ta taɓa nuna abin da ƙaramin abu ke iya yi. Lokacin da aka horar da ma'aikata aka kuma samar da allurar magnesium sulphate a asibitoci goma na jihar daga 2008, mutuwar mata masu jijjiga da tsananin hawan jini ta faɗo daga kashi 20.9 zuwa kashi 2.3 cikin 100. Bayan wasu shekaru, binciken da aka gudanar a manyan asibitoci 42 na ƙasar tsakanin 2012 da 2013 ya ƙirga mutuwar mata 998, kuma hawan jinin masu ciki ne ya zo kan gaba a cikin dalilan. Jinkirin kai wa ga magani, har a cikin asibitin kansa, ya taka rawa a mace-mace da dama.

A watan Nuwamban 2024, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ƙaddamar da shirin MAMII na rage mutuwar mata masu juna biyu, wanda ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da ke da fiye da rabin waɗannan mace-mace, tare da alƙawarin tiyatar haihuwa kyauta ga mabukata. Idan alƙawarin ya tabbata, ya cire ɗaya daga manyan shingayen da ke mayar da kowane gwaji aikin banza, domin a ƙasar da iyalai ke biyan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihunsu, sanin cewa ana bukatar tiyata da iya biyanta abubuwa ne biyu. Umarnin shugaban ƙasa na watan Yunin 2024, da ya ɗage haraji kan injina da kayan haɗa magunguna da na gwaje-gwaje, shi ma dama ce ga duk kamfanin da ke son harhaɗa ƙananan na'urorin a cikin gida.

A ganina, wurin da ya dace gwajin ya fara sauka shi ne asibitocin da ake tura mata masu ciki mai matsala: masu hawan jini, sikila, ciwon suga, ciwon ƙoda, tagwaye, da waɗanda suka taɓa haihuwa babu rai. A can akwai na'urar hoto da za a haɗa shi da ita, akwai ɗakin tiyata da sashen jarirai, akwai kuma cunkoson da ke sa sanin wacce za a sallama ya zama abu mai daraja. Saya wa kowace cibiyar matakin farko daga Asusun Samar da Kiwon Lafiya a Matakin Farko, wanda kashi ɗaya ne cikin 100 na kuɗin shigar tarayya bisa dokar lafiya ta 2014, zai zama hawan doki kafin a ɗaura sirdi, a wuraren da wani lokaci takardar gwajin fitsari da na'urar awon jini mai aiki ma sai an nema.

Aikin da ba ya jiran kowa kuwa na jami'o'i ne. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Maiduguri, Ibadan, Legas da Enugu suna ganin dubban mata masu irin wannan ciki duk shekara. Idan suka haɗu da ƙungiyar likitocin mata ta SOGON a kan tsari ɗaya na ɗibar jini, tabbatar da makon ciki da hoto, gwada zazzaɓin sauro da sikila, da bin kowace mace har ta haihu a auna jaririn, ƙasar za ta mallaki nata ma'aunin. Da shi ne hukumar NAFDAC da majalisar kula da ɗakunan gwaje-gwaje za su iya tantance na'urorin da za a shigo da su, da shi ne kuma Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa za ta yanke ko gwajin ya cancanci shiga jerin abubuwan da take biya.